Yadda taurarin ɗan'adam ke gano gajimare da ƙurar ƙololuwar sama, da alaƙarsu da daminar Arewa

A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu kan rufe sararin samaniyar Abuja da Kano da Maiduguri, har ta kai ga jinkirta tashin jiragen sama. Wannan ƙura ce da ido ke gani, maƙogwaro kuma ya ji ta. Mafi yawanta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma da wuya ta wuce nisan kilomita 5 zuwa 6 daga doron ƙasa.

Can sama da wannan hazo, a nisan kilomita 17 zuwa 30, akwai wani nau'in ƙura da siraran gajimare waɗanda ido ba ya gani sai dai a jan da sama kan yi da faɗuwar rana. Ƙanƙantarsu ba ta hana su rage ƙarfin hasken rana ba, kuma bincike ya danganta su da wasu daga cikin munanan shekarun fari a yankin Sahel. Babbar hanyar da ake sa musu ido dare da rana ita ce na'urorin taurarin ɗan'adam masu auna hasken ɗumi, wanda masana ke kira infared.

Hawa biyu na iskar da ke kewaye da duniya

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Hawa na farko, wanda ake kira turofosfiya, shi ne inda hadari ke haɗuwa, ruwa ya zuba, ƙura ta tashi. A cikinsa sanyi yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka yi sama. A yankuna masu zafi irin Najeriya, rufin wannan hawa yana kai wa kilomita 16 zuwa 18, kuma sanyin wurin kan kai kimanin digiri 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A kusa da dorayen duniya na arewa da kudu, rufin ba ya wuce kilomita 8 zuwa 10.

Hawa na biyu, wato sitiratosfiya, yana farawa daga nan ya kai kimanin kilomita 50. A nan lamarin ya juya: ɗumi ne ke ƙaruwa idan aka yi sama, saboda iskar ozon da ke zuƙe wani sashe na hasken rana mai cutarwa. Tun da iska mai ɗumi ce a sama, mai sanyi a ƙasa, ba a samun irin tashin iskar da ke haifar da hadari. Babu ruwan sama da zai wanke wurin. Saboda haka ƙurar da ruwa zai share cikin kwanaki ko makonni a hawan farko, idan ta samu shiga hawa na biyu tana iya shafe shekara ɗaya zuwa biyu tana kewaya duniya.

Abubuwan da ke rataye a can

Na farko su ne ƙananan ɗigo na ruwan asid ɗin farar wuta. Masanin nan Bajamushe Christian Junge ne ya gano shimfiɗarsu a kusan nisan kilomita 20 a farkon shekarun 1960, ta hanyar na'urorin da aka ɗaura wa balan-balan. Shimfiɗar tana nan kullum, siririya, amma tana kauri sosai duk lokacin da wani babban dutse ya yi aman wuta ya harba iskar farar wuta zuwa sama. A cikin 'yan makonni iskar kan haɗu da tururin ruwa ta rikiɗe ta zama ɗigon asid, su kuwa ɗigon suna mayar da wani kaso na hasken rana inda ya fito.

Na biyu ita ce tokar dutse mai aman wuta, wadda a haƙiƙa niƙaƙƙen dutse ne da gilashi. Ta fi ɗigon asid nauyi, don haka tana faɗowa cikin kwanaki, amma a tsawon waɗannan kwanaki babbar barazana ce ga jiragen sama.

Na uku shi ne siririn gajimaren ƙanƙara da ke kwanciya daf da rufin hawan farko a yankuna masu zafi. Wani lokaci sirantarsa ta kai mutum ya kalli sama ya ga ta yi wasai, alhali gajimaren na nan. Shi ne ke tace tururin ruwan da ke ƙoƙarin haurawa hawa na biyu, domin tururin yana daskarewa a cikinsa ya faɗo.

Na huɗu shi ne gajimaren da ke haɗuwa a samaniyar dorayen duniya a lokacin sanyi, idan awon ya sauka ƙasa da kimanin digiri 78 a ƙarƙashin sifili. A jikin ƙwayoyinsa ne sinadarin kulorin ke sauya kama ya shiga cinye ozon. Wannan shi ne musabbabin ramin ozon na samaniyar Antatika da masana na Birtaniya suka sanar a 1985, wanda ya kai ga Yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sai kuma hayaƙin manyan gobarar daji, irin ta Ostiraliya a ƙarshen 2019 da farkon 2020, wanda ya haura har hawa na biyu.

Hasken da ido ba ya gani

A 1800 ne masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana zuwa launuka, ya ɗora ma'aunin zafi a gefen jan launi inda babu abin da ido ke gani, sai ya ga awon ya hau. Ta haka aka san akwai wani haske da ke ɗauke da ɗumi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da irin wannan haske: rairayin Sahara, ruwan teku, gajimare, har da jikin ɗan'adam. Wanda ya taɓa kusantar garwashin da toka ta rufe ya ji zafi a fuskarsa ya san shi.

Amfaninsa ga masu binciken sama biyu ne. Na ɗaya, ba ya buƙatar rana, don haka na'ura tana aiki da tsakar dare kamar yadda take yi da tsakar rana. Na biyu, kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango, shi ma wannan haske yana da zanguna, waɗanda ake aunawa da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kowane sinadari yana da zangon da ya fi zuƙa. Ozon na zuƙa a kusan maikuromita 9.6, tururin ruwa a kusan 6.2, iskar farar wuta kuma a 7.3 da 8.6. Idan aka kwatanta ƙarfin hasken da ya iso na'ura a zanguna daban-daban, za a iya sanin abin da ya ratsa a kan hanyarsa.

Sanannen misali shi ne kwatanta zangon maikuromita 11 da na 12. Ƙanƙara ta fi zuƙe haske a 12, don haka siririn gajimaren ƙanƙara kan nuna ya fi sanyi a wannan zango. Tokar dutse kuwa ta fi zuƙa a 11. Idan aka ɗebe awon 12 daga na 11, gajimare na ba da lamba sama da sifili, toka kuma ƙasa da sifili. Masanin nan Fred Prata ne ya bayyana wannan dabara a 1989, kuma har yau ita ce ginshiƙin aikin bibiyar toka daga sama.

A nan ne yankin Afirka ta Yamma ke da tasa matsalar. Ƙurar Sahara ita ma niƙaƙƙen dutse ce, kuma alamar da take bayarwa ta yi kama da ta toka. Mai fassara hoton samaniyar Najeriya a watan Janairu dole ya haɗa da wasu zanguna, musamman na 8.7, ya kuma duba tsayin da abin yake da inda iska ta taso da shi, kafin ya ce hazon hunturu ne ko tokar da ta zo daga nesa.

Kallo daga bisa da kallo ta gefe

Akwai hanyoyi biyu na kallo. Ta farko ita ce na'ura ta leƙo ƙasa kai tsaye. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai, mai hedikwata a Darmstadt ta Jamus, suna tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 a saman Tekun Gini, inda suke kallon ɗaukacin Afirka. Na'urar SEVIRI da ke kan zubi na biyu na waɗannan taurari, wanda aka fara harbawa a watan Agustan 2002, tana da zanguna 12 kuma tana aiko da sabon hoto duk minti 15. A hotunan da ake haɗawa daga zangunan 8.7 da 10.8 da 12, ƙura kan fito da launin ruwan hoda mai haske, har a iya bin ta daga Bodele zuwa Kano. Zubi na uku, wanda aka harba tauraronsa na farko a ranar 13 ga Disamban 2022, yana da zanguna 16 da hoto duk minti 10. Akwai kuma na'urori irin AIRS ta hukumar NASA ta Amurka, da aka harba a 2002, da IASI ta Turai, da aka harba a 2006, waɗanda ke kewaya duniya a kusa suna rarraba hasken zuwa zanguna dubbai.

Raunin kallo daga bisa shi ne ɗumin doron ƙasa yana iya danne alamar siririyar shimfiɗa, kuma tantance tsayinta na da wuya. Hanya ta biyu ta magance wannan. A nan na'ura tana kallon gefen duniya ne, inda iska ta yi iyaka da baƙin sararin samaniya, kamar yadda mai tsaye a fili kan fi ganin hazo idan ya dubi nesa fiye da idan ya ɗaga kai sama. Layin ganin yana ratsa iska na tsawon ɗaruruwan kilomita, bayansa kuma babu komai sai sanyin sarari. Ko shimfiɗar ta kai siririn mayafi, ɗuminta zai bayyana, kuma ta hanyar ɗaga kallon mataki-mataki za a san tsayin da take.

Fitacciyar na'ura a wannan fanni ita ce MIPAS, wadda aka ɗora wa tauraron Envisat na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai. An harba shi a ranar 1 ga Maris 2002, ya yi aiki har 8 ga Afrilun 2012 lokacin da sadarwa da shi ta katse. MIPAS ta auna haske daga maikuromita 4 zuwa kusan 15. Masana sun ƙirƙiro wani ma'auni da ke kwatanta hasken wani zango da iskar kabon ta mamaye da na wani zango maƙwabcinsa da iska ba ta cika zuƙa ba. Idan sama wasai take, bambancin na da yawa. Idan akwai gajimare ko ƙura, awon biyu sai su kusanci juna. Daga baya aka ƙara wasu zanguna domin rarrabe ƙanƙara da toka da ɗigon asid. Ita ma wannan hanya tana da iyaka: gajimare mai kauri yana toshe duk abin da ke ƙasansa. Shi ya sa ake tabbatar da sakamakonta da wasu na'urori, irin tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa, wanda ya riƙa harba hasken lesa daga 2006 zuwa 2023.

Abin da aka gani a samaniyar Afirka

A daren 12 zuwa 13 ga Yunin 2011, dutsen Nabro da ke Eritiriya, kusa da iyakar Habasha, ya yi aman wuta ba tare da an taɓa samun tarihin hakan a rubuce ba. Wurin yana da nisa da wahalar zuwa, don haka taurarin ɗan'adam ne suka ba da mafi yawan bayanin abin da ya faru. Tokar ta hana zirga-zirgar jirage a Gabashin Afirka, har Sakatariyar Harkokin Wajen Amurka ta lokacin, Hillary Clinton, ta taƙaita ziyararta a Addis Ababa. Dutsen ya fitar da fiye da tan miliyan ɗaya na iskar farar wuta, kuma MIPAS da sauran na'urori sun bi sawun ɗigon asid ɗin yayin da suka bazu a rabin duniya na arewa na tsawon watanni. Masana sun yi muhawara a kan ko dutsen ne ya harba iskar kai tsaye zuwa hawa na biyu, ko kuwa iskar daminar Asiya ce ta ɗaga ta daga baya. Awon tsayi irin na kallon gefe na daga cikin hujjojin da aka dogara da su a muhawarar.

Hadarin daminar Sahel shi ma yana da hannu a abin da ke shiga hawa na biyu. Manyan hadurran da ke tasowa daga gabas a watannin Yuli da Agusta na daga cikin mafiya tsayi a duniya, kuma wani lokaci kansu kan huda rufin hawan farko. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka mai suna AMMA, an saki balan-balan masu na'urori daga Yamai da Damagaram, wani jirgin bincike na Rasha mai tashi har kusan kilomita 20 kuma ya yi aiki daga Wagadugu. Awon Yamai ya nuna shimfiɗu masu danshi a ƙasan hawa na biyu, waɗanda aka danganta da ƙanƙarar da hadari ya watsa can. A hotunan Meteosat ana gane irin wannan hadari idan zangon tururin ruwa na 6.2 ya nuna ɗumi fiye da na 10.8, alamar cewa danshi ya haura inda iska ta fi ɗumi.

Jirgin sama da toka

A ranar 24 ga Yunin 1982, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung na Indunisiya da dare. Injinansa huɗu duka suka mutu, sai bayan ya gangaro ƙasa sosai matuƙan suka samu suka sake tayar da su. Na'urar rada da ke jirgi an yi ta ne don ganin ruwa da ƙanƙara, ba ta ganin busasshiyar toka. Tokar kuwa tana narkewa a cikin inji ta daskare a jikin sassansa.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsara cibiyoyi tara na gargaɗi kan toka. Cibiyar Toulouse ta Faransa ce ke lura da samaniyar Afirka, kuma hotunan infared na daga cikin manyan kayan aikinta. Muhimmancin tsarin ya fito fili a watan Afrilun 2010, lokacin da tokar wani dutse a Iceland ta sa aka rufe mafi yawan samaniyar Turai na kusan mako guda, aka soke tafiye-tafiye kimanin 100,000, ciki har da na fasinjojin Legas da Abuja. Najeriya ba ta yi nisa da irin waɗannan duwatsu ba: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, Nyiragongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuma a watan Mayun 2021. Hanyar jiragen alhazai zuwa Jidda da Madina tana ratsa Bahar Maliya, yankin da Nabro yake kusa da shi.

Damina da fari

Aman dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin, a ranar 15 ga Yunin 1991, ya zuba tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta a hawa na biyu, kuma matsakaicin zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. Ga manomin gero da dawa, inda ƙurar ta taru ya fi muhimmanci a kan wannan adadi.

Daminar Arewa ta dogara ne ga yadda iskar teku mai danshi ke kutsowa arewa idan ƙasa ta yi zafi. Idan ƙurar sama ta fi taruwa a rabin duniya na arewa, ta sanyaya shi fiye da na kudu, layin ruwan sama kan ja baya zuwa kudu. Wani bincike da Jim Haywood da abokan aikinsa na Hukumar Yanayi ta Birtaniya suka wallafa a 2013 ya nuna cewa uku daga cikin damunai huɗu mafiya ƙarancin ruwa a Sahel tsakanin 1900 da 2010 sun biyo bayan manyan aman wuta a rabin duniya na arewa. A watan Yunin 1912 dutsen yankin Katmai na Alaska ya yi aman wuta, a 1913 damina ta gaza, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram. A 1982 dutsen El Chichon na Meziko ya yi nasa, aka kuma yi mummunan fari a 1983 da 1984. Masana suna lissafa wasu dalilan tare da wannan, musamman sauyin ɗumin tekuna da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, amma ƙurar duwatsu tana cikin lissafin.

Wannan sakamako ya shiga wata muhawara ta zamani. Akwai masu ba da shawarar a riƙa fesa irin waɗannan ɗigo a hawa na biyu da gangan domin rage ɗumamar yanayi. Binciken na 2013 ya nuna cewa idan aka yi feshin a arewa kaɗai, Sahel na iya fuskantar fari. Taron ministocin muhalli na Afirka a 2023 ya nemi a cimma yarjejeniyar ƙin amfani da wannan dabara, kuma a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Nairobi a farkon 2024, an janye wani ƙudiri da Suwizalan ta gabatar kan batun bayan an kasa cimma matsaya. Duk wata yarjejeniya irin wannan tana buƙatar hanyar gano abin da aka saka a sama, da tsayinsa, da inda ya dosa.

Matsayin Najeriya

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa kuma hedikwatarta ke kusa da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja, ita ce ke ba matuƙan jirage bayanin yanayi, ta kuma fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Kamar takwarorinta na nahiyar, tana amfani da hotunan Meteosat a aikinta na yau da kullum. A Yamai akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu hidimta wa yankin da nahiyar baki ɗaya.

Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da hedikwata a Abuja da kuma Cibiyar Binciken Iskar Sama a Anyigba ta Jihar Kogi. Taurarin da ta mallaka, NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, an ƙera su ne don ɗaukar hoton doron ƙasa: gonaki, dazuzzuka, birane da ambaliya. Auna abin da ke hawa na biyu ba ya cikin aikinsu. A wannan fanni Najeriya mai amfani da bayanan wasu ce, kuma mafi yawan bayanan NASA da na hukumomin Turai a buɗe suke ga masu bincike kyauta.

Gudummawar da ƙasar ke iya bayarwa tana doron ƙasa. Awon tauraro yana buƙatar a gwada shi da awon da aka yi daga ƙasa, kuma tashar auna ƙura da ke Jami'ar Ilorin, wadda ke cikin tsarin AERONET na NASA tun ƙarshen shekarun 1990, na daga cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. Ƙarin irin waɗannan tashoshi a Arewa, sakin balan-balan na awo a kai a kai, da horar da masu iya rarrabe hazon Bodele da tokar dutse a hoton infared, su ne za su ba masu hasashen damina a Abuja damar saka ƙurar ƙololuwar sama a lissafinsu duk lokacin da wani babban dutse ya sake yin aman wuta.